KU KEƁE MANA MARUBUTA DA MASU ZANE DOMIN 'YA'YANMU

Jawabin da kwamitin ilimin Kirista ya gabatar a gaban fastoci, dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi na yankin Damaga, Maradun, Bakura da Talata Mafara.

Nassi: Markus 6:30-32, Fitowa 31:1-11, Luka 15:3-7

GABATARWA

  Mun san yadda hanya take a wannan zamani. Mun san akwai waɗanda ba su baro gida ba sai da gari ya waye sarai, suna kuma so su koma tun rana ba ta yi sanyi ba. Saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Roƙonmu guda ɗaya ne. Muna roƙon ekklisiyoyinmu su haɗa hannu su keɓe wasu 'yan'uwa masu baiwar rubutu da masu baiwar zane, a kai su wuri ɗaya na kwana 6, a ɗauke masu nauyin ci da sha da kuɗin mota, domin su zauna su yi wa 'ya'yanmu littattafai da Hausa. Kafin ku ce i ko a'a, bari mu faɗa maku abin da ya kawo maganar.

1. TAMBAYAR DA WATA YARINYA TA YI

Wata malamar makarantar Lahadi daga cikinmu ce ta ba mu wannan labari. Wata Lahadi tana koya wa yara misalin ɓatacciyar tunkiya da ke cikin Luka 15. Littafin da ke hannunta kyauta ce daga ƙasar waje, da Turanci, takarda mai sheƙi, launi gwanin sha'awa. Ta ɗaga hoton ta nuna masu. Sai wani yaro, wanda kullum da yamma shi ke koro tumakin gidansu, ya ce, "Malama, ai wannan ba tunkiya ba ce." Da gaskiyarsa. Abin da aka zana dunƙulen auduga ne mai ƙafa huɗu a kan ciyawa kore shar. Shi kuwa uda ya sani, mai dogayen ƙafafu da dogayen kunnuwa, gaba baƙi baya fari, tana kiwo cikin karan dawa. Yara suka yi dariya, malama ma ta yi.

Dariyar ba ta gama kwantawa ba sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, in mutanen daji ne suka tafi da tunkiyar, makiyayin zai bi ta har can?" Malama ta ce mana ta buɗa shafi na gaba, ta buɗa na bayansa, ba ta ga abin da zai taimake ta ba.

Ba mu ga laifin wanda ya yi littafin ba. Domin yaran ƙasarsu ya yi, ya kuwa yi da kyau. Amma yarinyar nan a Zamfara take girma. Ta ji manya suna maganar 'yan mata 279 da aka kwashe daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, ran 26 ga Fabrairu 2021. Ta ji an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta na shekarar. Ta ji an ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun ran 1 ga Satumba, bayan haka aka rufe makarantun jiha. Mu manya muna tsammani yara ba sa ji. Suna ji, sai dai ba su da wanda za su tambaya.

'Yan'uwa, ba wani marubuci a Landan ko a Ikko da zai tashi da safe ya ce bari ya amsa wa yarinyar Damaga tambayarta. Bai san ta ba. Mu ne muka san ta. In ba mu rubuta ba, ba wanda zai rubuta.

2. ME YA SA SAI AN KEƁE SU?

Wani dattijo zai ce, "To, su rubuta mana a gida. Sai an tara su an kashe kuɗi?" Tambaya ce mai kyau. Amma ku dubi waɗanda muke magana a kansu. Ɗaya malamin firamare ne, in ya tashi daga makaranta sai gona. Ɗaya uwar yara ce, daga rijiya sai murhu. Ɗaya mai rubuta allon shaguna ne, in bai yi aiki yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Yaushe za su sami natsuwa? Ubangijinmu da kansa, cikin Markus 6, da ya ga almajirai ba su da zarafin ko cin abinci saboda shige da ficen jama'a, sai ya janye su zuwa wurin da ba kowa. Bai ɗauki wannan a kan ɓata lokaci ba.

Tarihin rubutun Hausa ma ya tabbatar da haka. Yawancinmu da muka yi makaranta mun karanta Magana Jari Ce. Yaya aka yi littafin nan? A 1936 Malam Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Sai Rupert East na Hukumar Talifi ya sa aka ɗauke shi daga aji, aka kai shi Zariya na wata 6, ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu, East kuma yana dubawa suna gyarawa tare. Daga wannan zama aka sami littattafai uku waɗanda har yau, bayan shekara fiye da 80, ana karanta su. Baiwa dai Imam yana da ita tun yana Katsina. Abin da aka ƙara masa shi ne lokaci, da wuri, da abokin gyara.

Ekklisiyoyin Afirka ma sun gane wannan tun da daɗewa. A 1959 aka buɗe cibiyar koyar da marubuta Kirista a Kitwe, a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu, daga baya aka haɗa mata sashen koyar da zane. A zamaninmu kuma akwai Book Dash a Afirka ta Kudu, wadda ta fara a 2014. Su kan tara marubuci da mai zane da mai tsara shafi a tebur ɗaya, su yi littafin yara cikin awa 12, su bar shi kyauta ga duk mai son bugawa ko fassarawa. Nan gida ma, daga 2015 shirin RANA ya yi aikin koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare na jihohin Katsina da Zamfara, aka shirya littattafai aka horar da malamai. Wataƙila akwai malaman da suka sami wannan horo a zaune cikinmu yau. In akwai, ekklisiya tana bukatar abin da kuka koya.

Darasin duka ɗaya ne. Littafin yara ba aikin mutum ɗaya ba ne cikin dare da tocila. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. WANNAN AIKI GADONMU NE

Kada wani ya ce mu 'yan tsiraru ne, rubutun Hausa ba namu ba ne. An gama fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa aka buga shi a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da 'yan ƙasa. Sabuwar fassara ta fito a 1979. Cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da Hukumar Talifi ta buga bayan gasar 1933, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. Iyayenmu sun karanta jaridar Labarin Ekklesiya da mishan ta SIM ta riƙa bugawa a Jos. Da yawa cikin iyayenmu mata da ba su taɓa shiga aji ba, a ajin karatu na majami'a suka koyi haɗa baƙi, da Littafin Waƙoƙi a hannu.

Wato kakanninmu cikin bangaskiya sun bar mana Littafi Mai Tsarki, sun bar mana waƙoƙi. Abin tambaya shi ne, mu me za mu bar wa yaro ɗan shekara 6 wanda bai isa ɗaukar babban Littafi ba tukuna? Tsakanin a, ba, ca, da, da wasiƙar Romawa akwai tafiya mai nisa. Dole a sa masa matakala.

Ku lura kuma da wannan. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen gida, a watan Nuwamba 2025 kuma ta janye, ta ce a koma Turanci. Manufar gwamnati tana iya juyawa gobe. Amma sujadarmu da Hausa ce. Ko Bahaushe ne kai, ko daga Zuru ka zo, ko daga kudancin Kaduna, ko Filato, da Hausa muke addu'a tare, da ita 'ya'yanmu ke wasa a waje. Yaron da bai iya karanta Hausa ba zai girma yana riƙe da Littafi Mai Tsarki a majami'a, amma a rufe.

4. MAI ZANE MA'AIKACIN ALLAH NE

Mun san akwai 'yan'uwa da zuciyarsu ba ta kwanta da zane ba, saboda dokar da ta hana sassaƙa gunki cikin Fitowa 20. Muna girmama wannan tsoro. Amma abin da aka hana shi ne a yi siffa a yi mata sujada. Cikin littafin nan na Fitowa, sura 31, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da itace da duwatsu, ya kuma ba shi Oholiyab ya taimake shi. Ku duba, su ma biyu ne. Yaron nan da ke cika bayan littafinsa da zanen babura da shanu, wanda muke yi wa tsawa, mai yiwuwa Bezalel ɗinmu ne.

A littafin yara, zane ba ado ba ne. Yaro yakan karanta hoto kafin ya karanta baƙi. Gani ya kori ji. A shekarun 1970, Kiristocin ƙabilar Mafa a arewacin Kamaru, kusa da iyakarmu, sun riƙa yin wasan labaran Bishara a ƙauyukansu, ana ɗaukar hoto, daga nan aka zana su. Sai ga labaran Linjila cikin bukkoki da tufafi da fuskoki irin nasu. Hotunan nan sun zaga duniya. Mu ma muna so yaronmu ya buɗa littafi ya ga rumbu, ya ga turmi, ya ga jaki da mangala, ya ga fadamar Bakolori da shinkafa, ya ga kasuwar Talata.

Amma a nan sai mu yi magana da hankali, gama ba a Kamaru muke ba. Littafin yaro ba ya zama a majami'a. Zai tafi da shi gida, ya fita da shi ƙofar gida, abokinsa Musulmi ya karɓa ya duba, ya kai wa mahaifinsa. Mun san nauyin alƙalami a ƙasar nan. A watan Nuwamba 2002 'yan kalmomi cikin wata jarida sun jawo asarar rayuka fiye da 200 a Kaduna. A watan Fabrairu 2006 zanen da aka yi a Denmak ya jawo kisa da ƙone majami'u a Maiduguri. A watan Agusta 2016, nan Talata Mafara, rayuka 8 sun salwanta a kan zargin ɓatanci. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi.

Saboda haka muna ba da shawara a kafa wa masu keɓewa ƙa'idodi uku tun ranar farko. Na ɗaya, ba za a taɓa addinin kowa ba, ko da kalma ko da hoto. Na biyu, maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda a zana annabawa ba, kuma suna lissafta Isa Almasihu da Ibrahim da Musa cikinsu. To, mu fara da misalan da Ubangiji ya bayar. Makiyayi, mai shuka, mace mai neman kuɗinta da tsintsiya, ɗan da ya bar gida, Basamariye mai tausayi, duka ana iya zana su ba tare da an zana fuskar Ubangiji ba. Na uku, ba littafin da za a buga sai fastoci da dattawa sun duba shi shafi shafi. Wannan ba ɓoye bangaskiya ba ne. Sunan Yesu zai fito sarai cikin rubutun. Wayon maciji ne da halin kurciya da aka umarce mu cikin Matiyu 10:16, da zaman lafiya da kowa iyakar iyawarmu kamar yadda Romawa 12:18 ta koyar.

5. ABIN DA ZA SU YI A KWANA SHIDAN

Ba yawon hutu za mu aike su ba. Shawararmu mutum 12, a raba su ƙungiya 4. Kowace ƙungiya da marubuci ɗaya, mai zane ɗaya, da malamin yara ɗaya. Kowace ƙungiya ta komo da littafi ɗaya gamamme. Za su fara kowace rana da addu'a da nazarin Maganar Allah.

Litinin: isowa, da sauraro. A gayyato tsofaffin mata biyu ko uku su yi tatsuniya, marubuta su yi shiru su ji yadda ake riƙe hankalin yaro, yadda ake maimaita magana, inda ake sa waƙa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Talata: zaɓen labari da rubutun farko. Labari ɗaya, darasi ɗaya. Ga mai fara karatu, jimla ɗaya ko biyu a shafi ta isa, da kalmomin da yake ji kullum. Babban ciwonmu mu masu wa'azi shi ne dogon bayani. Yaro ba ya son wa'azi mai kawuna uku. Yana so ya san abin da ya faru bayan nan.

Laraba: tsara shafi. In ka naɗe takardar A4 biyu, ka sami shafi 4. Takarda 4 ke nan shafi 16, takarda 6 shafi 24. Shi ya sa yawan shafin littafi dole ya rabu da 4. Marubuci da mai zane za su zauna su raba labarin a kan shafuffukan nan, su yanke abin da baƙi zai faɗa da abin da hoto zai nuna. In hoto ya nuna makiyayi da sanda da malafa, ba sai an rubuta ba.

Alhamis: zane. Muna ba da shawara a yi da baƙin layi kawai, ba launi, domin ya yi arha wajen bugawa, ya fita sarai ko a injin hotokofi, yara kuma su shafa launi da kansu. A zana mutum da dabba cikakku. Yaron da bai saba da littafi ba, in ya ga hannu shi kaɗai ko rabin jaki a gefen shafi, yakan ruɗe.

Jumma'a: gwaji. A kawo yara, a ba su littafin, marubuci ya kama bakinsa. Inda yaro ya tsaya yana in-ina, kalmar ce za a sauya, ba yaron ba. A nan za a daidaita maganar karin harshe. Yaranmu na nan suna cewa "tahi" da "biyat" da "mi", littafin makaranta kuwa yana cewa "tafi" da "biyar" da "me". Mu rubuta da daidaitacciyar Hausa domin ta yi daidai da ta makaranta da ta Littafi Mai Tsarki, amma mu zaɓi kalmomin da yaron Zamfara zai gane ba sai an fassara masa ba.

Asabar: gyara na ƙarshe, addu'ar miƙa aiki, a kama hanya da wuri domin kowa ya yi sujadar Lahadi a gida.

Kayan aiki ba su da yawa: takarda, fensir, baƙin alƙalami, da kwamfuta ɗaya ko biyu. Ƙungiyar SIL ta yi wata manhaja mai suna Bloom domin shirya irin waɗannan littattafai, kyauta ce, tana aiki ko ba intanet. Sun kuma yi salon baƙaƙe mai suna Andika domin masu koyon karatu, yana da ɓ da ɗ da ƙ. Kada a raina lanƙwasar nan. In aka bar ta, "tunkiya ta ɓata" ta zama "tunkiya ta bata", yaro ya tambaye ka me ta ba ta.

6. WAƊANNE LABARAI MUKE BUKATA?

Muna ba da shawarar huɗu domin farawa.

(a) Ɓatacciyar tunkiya, da uda da makiyayi irin namu, domin yaron da ke kwana da tsoro.

(b) Basamariye mai tausayi, a kan hanya irin tamu. Yawancinmu muna da labarin maƙwabci Musulmi da ya tsaya mana ranar wahala, ko mu muka tsaya masa. 'Ya'yanmu suna bukatar su ji wannan tun suna ƙanana, kafin wani ya koya masu ƙiyayya.

(c) Littafin kiyaye lafiya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su cikin gidaje, ƙurar tana shiga ƙasar da yara ke wasa a kai. Ɗan littafi mai shafi 16 da ke nuna wa yaro ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya kuma nisanci wurin niƙan dutse, zai amfani gidan Kirista da gidan Musulmi daidai wa daida. Irin wannan muna iya miƙa wa mai unguwa da hannu biyu.

(d) Labarin yarinyar da ta koma makaranta bayan an daɗe a rufe.

Sai gargaɗi ga marubutanmu. Kada ku yi wa yara ƙarya domin ku kwantar masu da hankali. Kada ku rubuta cewa duk wanda ya yi addu'a ba abin da zai same shi. Sun san gidajen da aka yi addu'a, aka yi azumi, amma wanda aka ɗauka bai komo ba. In littafinku ya yi masu ƙarya sau ɗaya, ba za su ƙara gaskata shi ba, mai yiwuwa har da Littafin da ya fi shi. Luka ya ce sai da ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta wa Tiyofilas. Mai Hadishi 12 ya nuna mana mai hikima yana neman kalmomi masu daɗi, amma na gaskiya. A haɗa biyun.

7. GA MASU CEWA BA LOKACINSA BA NE

Mun ji wannan magana, ba kuma mu raina ta ba. Wasu sun bar gonakinsu. Wasu sun sayar da abin da suke da shi domin su fanshi nasu. Akwai gwauraye da marayu a hannun ekklisiya. Akwai garuruwan da mu gida biyu ne ko uku, sujada a zaure. Ina mu ina littafin yara?

Amsarmu ita ce, yaro ba ya jiran zaman lafiya kafin ya girma. Wanda yake shekara 6 lokacin Jangebe, yau ya kusa zama saurayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma inda ba fasto, ba malami, makaranta a rufe, littafi shi ne malamin da ke kwana a gida. In iyali suka yi gudun hijira, ba za su ɗauki bencin majami'a ba, amma littafi mai shafi 16 yana shiga aljihu. Timoti tun yana jariri ya san Littattafai, ba a wata babbar makaranta ba, a hannun uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis. Mu sa wa Afiniki da Loyis namu abin koyarwa a hannu.

8. ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, ga fastoci da dattawa: kowace ekklisiya ta nemo mana masu baiwa, maza da mata. Kada a duba takardar shaida ko dangantaka. A duba wanda in ya fara ba da labari yara ke yin shiru, da wanda in ya zana akuya kowa ya san akuya ce.

Na biyu, wuri da lokaci. Ba mu ce a yi a ƙauye ba, ba kuwa za mu kwanar da mutum 12 inda hankali ba zai kwanta ba. A nemi masauki na ekklisiya a Gusau ko Sakkwato ko Wusasa, dattawa su yanke. A yi bayan kaka, lokacin hutun makaranta, a yi tafiya da rana, kada kuma a yi ta shelar ranar tashi.

Na uku, guzuri. Wanda ba shi da kuɗi yana da tiyar gero ko ta shinkafa. A ware wani abu daga baikon godiya na kaka. Iyayenmu mata na Zumunta, mun san in kuka ɗauki abu ba ya faɗuwa ƙasa. Muna roƙo ku ɗauki nauyin abinci.

Na huɗu, hakki. Ma'aikaci ya cancanci ladansa. Wanda ya rufe shagonsa kwana 6 a ba shi abin da zai bar wa iyali. A sa sunan marubuci da na mai zane a bangon littafi in sun yarda. In sun ga sa suna zai jawo masu damuwa, a bar shi. A rubuta yarjejeniya tun farko cewa kowace ekklisiya tana iya bugawa ta raba, amma ba wanda zai sauya rubutu ko hoto sai da izini. Mu ma kada mu kwafi zanen wasu mu ce namu ne. Dokar da ta hana sata ba ta tsallake littafi ba.

Na biyar, ga iyaye: in littafin ya zo, kada a kulle shi cikin akwati domin kada ya yi datti. Littafin yaro da bai yi datti ba, ba a karanta shi ba.

KAMMALAWA

Mun tambayi malamar nan abin da ta amsa wa yarinyar daga ƙarshe. Ta ce ta rufe littafin, ta zaunar da ita kusa, ta gaya mata abin da ke cikin Yahaya 10, cewa ɗan ƙodago yakan gudu in ya ga kyarkeci, amma Makiyayi mai kyau ba ya gudu, har ransa ya bayar saboda tumakin. Ta ce mata ba dajin da ya yi masa nisa, kuma ko a can tunkiyar ba ita kaɗai take ba. Yarinyar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, me ya sa ba a zana wannan ba?"

'Yan'uwa, tambayar tana gabanmu yau. Yara nawa ne cikin Damaga da Maradun da Bakura da Talata Mafara suke da irinta a zuciya, ba su kuwa da malama kusa? Muna roƙon shugaban taro, kafin a tashi, a ba kowace ekklisiya dama ta faɗi abin da za ta iya ɗauka, a kuma naɗa dattawa uku da za su nemo masauki su kawo rahoto a zama na gaba.

Ubangiji wanda ya ɗauki yara a hannunsa ya sa masu albarka, shi ya tsare 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu, ya komo da waɗanda ke hannun miyagu, ya ba jiharmu salama, ya kai kowa gidansa lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.